Ƙasar da Ruwa Yake Dutse



Kalmar ƙanƙara a bakin Bahaushe abu guda take nufi, wato ruwan da sanyi ya kama ya daskare. Da wadda ke zubowa tare da ruwan farkon damina tana dukan kwanon rufi kamar ana jifa da tsakuwa, da wadda yara ke yawon nema gida-gida dab da shan ruwa a watan azumi, da wadda muke gani a hoto ta lulluɓe garuruwan Turai har muka yi mata laƙabi da dusar ƙanƙara, duk uwarsu ɗaya. Ruwa ne, kuma in aka bar su a rana ruwa za su koma. Mu da muka tashi a Zangon Kumasi ba mu taɓa buƙatar wata kalma ba, domin iyakar sanyin da muka sani shi ne na hunturu, shi ma kafin ya iso nan kurmi ya riga ya gaji a hanya. Amma akwai wani wuri a cikin halittar Allah inda kalmar nan tamu ba ta isa ba, inda ƙanƙara take iri huɗu aƙalla, kuma ta ruwa ita ce ta fi nisa da abin da muka saba kira ƙanƙara. Sunan wurin Fuluto.

A makarantar zaure, sa'ad da malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya ɗan leƙa da mu cikin ilmin hisabi da taurari, masu tafiya bakwai ya lissafa mana: rana da wata, da Uɗaridu, da Zuhura wadda Hausawa ke ce wa Zara matar wata, da Mirrihu, da Mushtari, da Zuhal. Daga Zuhal sai a rufe littafi, domin nan lissafin magabata ya tsaya. Fuluto na can bayan Zuhal da nisa mai yawa, har bayan wasu manyan duniyoyi biyu, Yuranus da Neftun, waɗanda sai da madubin hangen nesa ya samu aka gane su. Ita kuwa sai ranar 18 ga Fabrairu 1930 wani saurayi ɗan manoma mai suna Clyde Tombaugh ya tsinkayo ta a ɗakin duban taurari na Lowell da ke Flagstaff, a jihar Arizona ta Amurka. Yana gwama hotuna biyu na sararin sama da aka ɗauka kwana 6 tsakani, sai ya ga wani ɗan ɗigo ya gusa daga inda yake. Ɗigon nan ya yi shekara 46 a hannun masana ba wanda ya iya cewa ga abin da ke shimfiɗe a fuskarsa.

Ƙarama ce, faɗinta daga gefe zuwa gefe kilomita 2,377, ko watanmu ba ta kai ba. Matsakaicin nisanta da rana ya kusa kilomita biliyan 6, wato ninki 39 da 'yan kai na nisan da ke tsakaninmu da rana, kuma sai ta yi shekara 248 irin tamu kafin ta kewaye rana sau ɗaya. Hasken tsakar rana a can bai wuce wanda muke gani bayan rana ta faɗi ba, lokacin da ladan ke gyaran murya zai kira magariba. Sanyin wurin kuwa yana kaiwa da komowa tsakanin digiri 220 da 240 ƙasa da sifiri. Firjin da ake daskarar da kifi a kasuwa, wanda ke ƙona yatsun mai sayarwa don sanyi, digiri 18 ƙasa da sifiri ne kawai.

Duk wadda ta taɓa sayen man kaɗanya ta riga ta san ƙa'idar da ke mulkin Fuluto. Da safiyar hunturu sai an sa wuƙa ake yankan man, amma in aka manta shi a rana a watan Maris sai a tarar ya malale a ƙwarya. Man bai sauya ba, zafi ne ya sauya. Haka kowane abu yake, yana da haddin da in sanyi ya kai shi zai daskare. Na ruwa shi ne sifiri. Iska ma tana da nata, sai dai yana can ƙasa ƙwarai, shi ya sa ba mu taɓa ganinsa ba. Iskar da ake kira metan tana daskarewa a digiri 182 ƙasa da sifiri, kabon monoksaid a 205, naitirojin a 210. Sanyin Fuluto ya zarce duka ukun, saboda haka abin da yake iska a wurinmu, a can ƙasar takawa ne.

Kuma ba baƙi ba ne gare mu, sunayen ne kawai baƙi. Naitirojin ita ce kashi 78 cikin 100 na iskar da nake shaƙa ina wannan rubutu, kai ma kake shaƙa kana karantawa. Metan ita ce ke tasowa daga cikin shanu da juji da fadama mai ruɓaɓɓen ciyayi, kuma ita ce mafi yawa a iskar gas da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa. Kabon monoksaid kuwa tsohuwar abokiyar gaba ce, iskar nan marar wari marar launi da ke fita daga janareta da murhun gawayi, wadda in aka rufe ɗaki da ita sai iyali guda su kwanta barci ba su tashi ba. Wannan da ba a iya ganinta a ɗakunanmu sai dai a ga aikinta, a Fuluto tana nan kwance a fili, a cakuɗe da naitirojin. Ta huɗu ita ce ƙanƙarar ruwa, kuma a irin wannan sanyi ruwa ya bar zama abin da ke narkewa ko ya gudana. Tauri yake yi irin na dutse, kuma aikin dutse yake yi: shi ne ɓawon duniyar, shi ne gindin da sauran ƙanƙarun ke kwance a kai, shi ne tsaunuka.

Aikina shekaru da dama shi ne riƙe alƙalami a zauren maigidana, dattijon da jama'ar unguwarmu ke kawo wa ƙara da shawara. Ni ke rubuta wasiƙu, ni ke ajiye takardun gado da na filaye, ni ke rubuta abin da shaidu suka faɗa. Wani dare bayan lisha, wani jikan gidan da ke karatu a jami'a ya kawo wannan zance a majalisa, ya ce akwai duniyar da tsaunukanta na ruwa ne, filayenta na iska. Sai wani tsohon falke, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai goro arewa, ya gyara zama ya ce, "Kai yaro, wa ya je ya ɗebo?" Yaron ya ce, "Baba Alhaji, haka yake a littafi." Tsohon ya ce, "Littafin wa?" Aka yi dariya, yaron ya sunkuyar da kai, aka shiga wani zance.

A ganina tambayar Alhaji ita ce tambayar da ta dace, kuma ita muke yi wa kowane shaida a zauren nan: ka gani da idonka, ko ji ka yi, in ji ka yi daga wa? Abin da ya dame ni shi ne yaron yana da amsa, amma da Turanci ya koyo ta, da ya zo zai juye ta cikin Hausa sai ta zube a hanya. Wannan ya zama ruwan dare a zangunanmu. Yaro ya dawo da ilmi ya kasa kare shi da harshen gida, dattijo ya ɗauke shi tatsuniyar Turawa, daga nan sai kowa ya kama bakinsa, kuma zaman majalisa ya koma na gaisuwa da labarin farashi. Alhali amsar ba ta fi ƙarfin Hausa ba, kuma irin amsar da mai neman shaida zai gamsu da ita ce.

Shaidan farko haske ne. Hasken rana da muke gani fari, bakan gizo ya nuna mana cewa launuka ne a haɗe, kuma bayan ja akwai wani kason haske da ido ba ya gani amma na'ura tana auna shi. Idan haske ya faɗa a kan wani abu ya dawo, ba ya dawowa cikakke, domin kowane abu yana haɗiye wasu sassa na hasken da suka keɓanta da shi, ya bar giɓi a wuraren. Jerin giɓin da metan ke bari dabam, na ruwa dabam, na naitirojin dabam. Ni da nake gane mai wasiƙa tun kafin in duba sa hannunsa, daga yadda yake jan wutsiyar harafi da yadda yake danna alƙalami, wannan bai zame mini abin mamaki ba. Kuma kamar yadda in aka kawo takardar fili da ake tababa a kanta nake ɗauko tsohuwar takardar mutumin in gwama sa hannun biyu, haka masanan ke yi. Sukan daskarar da iskar a ɗakin gwaji a nan duniya, su haska ta, su rubuta giɓinta, sa'an nan su gwama da wanda ya zo daga Fuluto.

Da haka ne a 1976 Dale Cruikshank da Carl Pilcher da David Morrison, da babban madubin Kitt Peak a Arizona, suka ga sa hannun ƙanƙarar metan. Wannan ya gyara wani lissafi ma, domin ƙanƙara tana da ƙyalli, kuma abin da ke da ƙyalli ba sai ya yi girma ba kafin a hango shi daga nesa, don haka aka gane Fuluto ba ta kai girman da ake ba ta ba. A watan Yuni 1988 ta gitta ta gaban wani tauraro, sai aka ga hasken tauraron ya dusashe a hankali maimakon ya ɗauke farat ɗaya, aka tabbatar tana da siririn lulluɓi na iska. Naitirojin ita ta fi wuyar kamawa, domin rubutunta a cikin haske siriri ne, kamar na tawadar da aka cika wa ruwa. Sai a 1992 Tobias Owen da abokan aikinsa suka same ta tare da kabon monoksaid, da wani madubi na Ingila da ke kan tsaunin Mauna Kea a Hawai. Abin da suka fahimta shi ne, in har abu mai siririn rubutu irin wannan ya bayyana, to lalle yawansa ba kaɗan ba ne, kuma ita ce mai rinjaye. Har ma an lura cewa giɓin metan ɗin ya ɗan karkace daga inda ya saba zama, alamar cewa wani kasonta narke yake a cikin ƙanƙarar naitirojin kamar sukari a koko. Duk wannan daga ɗigon haske ɗaya aka karanto shi.

Sa'an nan aka aika manzo. Kumbon New Horizons, wanda nauyinsa ranar tashi kilo 478 ne, kusan nauyin raƙumi guda, ya bar duniya ranar 19 ga Janairu 2006, ya yi shekara 9 da rabi a hanya, ya wuce ta gefen Fuluto ranar 14 ga Yuli 2015, mu kuwa muna cikin goman ƙarshe na azumi. Bai sauka ba, bai ma tsaya ba, ya gitta ne da nisan kilomita 12,500 yana gudun kusan kilomita 14 a daƙiƙa guda. Saƙonsa kan yi awa 4 da rabi kafin ya iso, kuma sai da aka kai Oktoba 2016 kafin ya gama turo abin da ya tattara. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a nan gani gaskata ji ya yi: naitirojin da metan da kabon monoksaid duk an same su kamar yadda haske ya shaida. Abin da haske daga nesa bai iya faɗa ba shi ne yadda aka shimfiɗa su, kuma nan ne abin kallo yake.

A tsakiyar fuskar da kumbon ya gani akwai wani farin yanki mai siffar zuciya, aka sa masa sunan Tombaugh. Rabinsa na yamma wani makeken kwari ne da ake kira Sputnik Planitia, mu ce Filin Sputnik, tsawonsa wajen kilomita 1,000, girmansa ya haura ninki uku na ƙasar Gana, kuma ya zurma ƙasa da kewayensa da wajen kilomita 3. Cike yake da ƙanƙarar naitirojin, da ɗan kabon monoksaid da metan a ciki. Kowace duniya marar kariya fuskarta cike take da ramukan duwatsun da ke faɗo mata daga sarari, kamar zanzana, ku dubi watanmu. A Filin Sputnik ba a ga rami ko ɗaya ba. Maimakon haka filin a rarrabe yake gida-gida kamar bayan kunkuru, kowane gida faɗinsa kilomita 10 zuwa 40. Wanda ya gani zai ce fadama ce ta bushe ta tsattsage, amma abin ya fi kama da tukunyar koko a kan wuta marar ƙarfi. Ƙanƙarar naitirojin taushi gare ta ko a wannan sanyi, kuma ɗan ɗumin da ke fitowa daga cikin Fuluto, daga duwatsun da ke tsakiyarta, ya isa ya motsa ta. Ta ƙasa mai ɗan ɗumi takan taso ta tsakiyar kowane gida, ta bazu, ta huce, ta nutse ta gefe. Saurin tafiyar 'yan santimita ne a shekara, kwatankwacin tsirar farce, kuma masana sun ƙiyasta cewa cikin shekara wajen 500,000 fuskar filin ke sabuntuwa. Duk ramin da dutse ya haƙa, juyin nan ya shafe shi. Daga tuddan gabas kuma ana ganin ƙanƙarar naitirojin tana gangarowa ta cikin kwazazzabai tana malala cikin filin, kogi ne amma mai rarrafe.

A bakin filin ta yamma tsaunuka ne jere, wasu sun haura kilomita 3, mafi tsayinsu ya kai wajen 6, kusan tsayin Kilimanjaro. Dutsen Afadjato da muke alfahari da shi a nan ko kilomita 1 bai kai ba. Tun kafin na'ura ta tabbatar, masana suka ce waɗannan na ruwa ne, domin naitirojin da metan ba su da ƙarfin ɗaukar irin wannan tsayi, da sun zube kamar tulin man kaɗanya. Daga baya na'urar ta ga sa hannun ruwa a wuraren da sauran ƙanƙarun ba su rufe ba. Wani abin kuma, ƙanƙarar ruwa ba ta kai ta naitirojin nauyi ba, don haka gutsattsarinta, wasu girmansu ya kai tudu, suna yawo a kan filin kamar ƙwarya a tafki, juyin ƙanƙarar yana tura su suna taruwa a iyakokin gidajen.

Ɗaya daga cikin jerin tsaunukan nan sunansa al-Idrisi, kuma ƙungiyar masana taurari ta duniya ta tabbatar da sunan a 2017. Na ji daɗin wannan suna, ba zan ɓoye ba. Sharif al-Idrisi, haifaffen Sabta a gaɓar Maroko, shi ne ya kammala taswirar duniya da littafinsa Nuzhatul Mushtaƙ a 1154 a fadar sarki Roger na biyu a tsibirin Sikiliya, kuma a ciki ya ambaci Kanem da Kaukau, wato Gawo, da tsohuwar daular Gana wadda ƙasar nan ta ari sunanta a 1957. Mafi yawan wuraren da ya zana bai taka su da ƙafarsa ba. Matafiya da fatake aka riƙa tambaya, a gwama maganar wannan da ta wancan, abin da suka haɗu a kai a rubuta. Da Alhaji mai goro ya rayu a zamaninsa, da shi ma an zaunar da shi an tambaye shi zango nawa ne daga Salaga zuwa Kano. A gindin tsaunukan al-Idrisi, inda suka haɗu da filin, an ga jerin tuddai irin na rairayin Sahara, iska ta kaɗa su layi-layi, sai dai ƙwayoyin rairayin nasu ƙanƙarar metan ce.

Ita metan halinta dabam. Ba ta saurin tashi kamar naitirojin, don haka takan zauna a tuddai. A wani yanki na gabas da ake kira Tartarus Dorsa ta yi wasu dogayen tsinaye kamar an kafa wuƙaƙe a jere, tsayinsu ya kai mita 500. Yadda suka samu ya shafi wata ɗabi'a da matanmu suka sani a jikin kafur: a sa shi a akwatin tufafi, bayan watanni a tarar ya ƙanƙance ba tare da ya jiƙa ko zare ɗaya ba. Iskar Fuluto siririya ce ƙwarai, nauyinta a kan ƙasa kusan kashi ɗaya cikin 100,000 na tamu, kuma a irin wannan hali ƙanƙara ba ta narkewa ta zama ruwa-ruwa, tashi take yi kai tsaye ta koma iska. Rana na cin wani gefe tana barin wani, a hankali har tsinayen suka fito. Akwai kuma tsaunukan da metan ta yi wa farar hula a ƙoƙuwa, kamar yadda dusar ƙanƙara ta yi wa Kilimanjaro, amma dalilin a juye yake. A nan duniya in ka hau sama sanyi ke ƙaruwa. A can iskar sama ta fi ta ƙasa ɗumi, kuma ta fi ta yawan metan, to ƙoƙuwar tsauni mai sanyi da ta kutsa cikinta sai metan ɗin ta kwanta mata kamar raɓa.

Mai karatu zai ce, in duk ƙanƙara ce, me ya sa hotunan Fuluto suke da ja da ruwan ƙasa, har da wani dogon yanki mai duhu kamar an shafa kwalta a gefen zuciyar? Wannan ma aikin metan da naitirojin ne. Hasken rana mai ƙuna, ko da ya yi rauni, yana farfasa su a sama, gutsattsarin su sake haɗuwa su zama wani abu mai kama da toka mai maiƙo, wanda Carl Sagan ya raɗa wa suna tolin. Shi ne ke yin hazo hawa-hawa har sama da kilomita 200, wanda da kumbon ya waiwaya ya ɗauki hoto aka ga ya yi shuɗi kamar samanmu, kuma shi ne ke sauka sannu a hankali yana rina ƙasa. Har maƙwabciya ta samu rabonta. Karon, babban watan Fuluto da James Christy ya gano a 1978, fuskarsa ƙanƙarar ruwa ce mai launin toka, amma ƙoƙuwarsa ta arewa ja ce. Bayanin da masana suka bayar shi ne metan da ke tserewa daga Fuluto tana daskarewa a can cikin dogon daren sanyi, rana ta fito ta gasa ta ta koma tolin.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. A wata doguwar tsaga da ake kira Virgil Fossae an ga ƙanƙarar ruwa mai ja tare da alamar amoniya, sinadarin nan mai hawa hanci da ake yin takin zamani da shi. Amoniya tana hana ruwa saurin daskarewa, kuma ba ta daɗewa a fili hasken rana bai lalata ta ba, saboda haka ganinta ya sa ake zaton daga ƙarƙashi ta ɓullo, kuma ba da daɗewa ba a lissafin shekarun duniyoyi. A kudu da Filin Sputnik akwai wani tudu, Wright Mons, faɗinsa wajen kilomita 150, tsayinsa wajen 4, wanda ake ɗauka dutse mai aman wuta ne irin na can, wato mai aman ruwa mai kauri. Wasu masana sun tafi a kan cewa har yanzu akwai teku a ƙarƙashin ɓawon.

Fuluto ba ita kaɗai ba ce a wancan gefe. A 2005 Mike Brown da abokan aikinsa suka gano Eris, wadda ta ɗan gaza Fuluto faɗi amma ta fi ta nauyi, kuma gano ta ne ya kai ga taron birnin Prag na Agusta 2006, inda aka cire Fuluto daga jerin manyan duniyoyi aka sa su duka a wani sabon aji na wadannin duniyoyi. An yi ta cacar baki a kan wannan, ni kuwa na ɗauke shi rikicin sarauta, wanda na ga irinsa da yawa, kuma bai taɓa ƙara wa gona ko taki ɗaya ba. Abin da ya fi amfani shi ne gwama fuskokinsu. Eris lulluɓe take da metan da naitirojin, ƙyallinta har ya kusa mayar da duk hasken da ya faɗo mata. Makemake metan ta fi yawa a kanta. Haumea ƙanƙarar ruwa ce tsirara. Dubban ƙananan da ke yankin kuwa sun rasa waɗannan ƙanƙaru masu saurin tashi tun da daɗewa, domin riƙe su sai duniya mai nauyin da zai jawo su da sanyin da zai kwantar da su. Ita kanta Fuluto ƙarfin janta kaɗan ne, buhun shinkafa mai kilo 50 a can nauyinsa a ka wajen kilo 3 ne kawai, amma tare da sanyin ya isa.

Kuma shimfiɗar da kumbon ya gani ta wannan zamani ce kawai. Fuluto a kishingiɗe take kewaya rana, saboda haka kowace ƙoƙuwarta takan yi shekaru masu yawa cikin rana ba faɗuwa, sa'an nan ta yi wasu cikin dare ba wayewa. A 2015 arewa ce ke cikin rana, kudu mai nisa na cikin duhu. Naitirojin na tashi daga inda rana ke bugu, ta bi iska, ta je ta kwanta inda ya fi sanyi, kuma iskar duniyar da kanta daga wannan tashi take samuwa. Tsakanin 1988 da 2015 nauyin iskar ya ninka kusan sau uku, alhali Fuluto tana ƙara nisa da rana tun 1989, shekarar da ta fi matsowa kusa. Za ta ci gaba da nisa har wajen 2114, kuma ana sa ran wani kaso na iskar zai daskare ya koma ƙasa kafin ta juyo. Tun ranar da Tombaugh ya hango ta ko rabin kewayenta ba ta yi ba, sai a 2178 za ta dawo inda ya gan ta.